Kwamfutar shago ta ƙone da lissafin bashi: injin ajiya zan saya ko kilawud zan koma?

Assalamu alaikum. Ni nake riƙe wa mahaifina lissafin harkarsa ta atamfa da shadda a Kantin Kwari. Shago biyu gare mu a kasuwa, da sito ɗaya a Fagge. Shekara uku ke nan da na lallaɓa Baba muka ajiye babban littafi muka koma kwamfuta. Makon jiya aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ofis ta yi ƙara ta mutu, kuma a cikinta bashin 'yan sari yake, har da na mutanenmu na Maraɗi da Damagaram. Kwafin da na samu a filash na wata takwas baya ne. Baba bai yi mini faɗa ba, amma tun ranar bai ƙara tambayata komai na lissafi ba, sai dai ya aika aka sayo sabon littafi. Yayana da ke Abuja ya ce mu zuba komai a kilawud, wato ajiyar intanet, mu huta. Mai yi mana gyara ya ce kilawud cin data ne da tonon asiri, gara mu sayi uwar garke, wato babbar kwamfutar ajiya, mu ajiye a ofis. Kwamfuta biyar muke da ita, da kyamarar tsaro takwas, da hotunan kaya da takardu kimanin giga 300. Maganar wa zan ɗauka, kuma da wane ido zan koma wa Baba?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Kafin maganar abin da za ka saya, je ka cire waccan kwamfutar daga wuta, kada kowa ya ƙara kunna ta. Idan wuta mai ƙarfi ta buge kwamfuta, sau da yawa akwatin da ke raba wuta a cikinta ne ke ƙonewa, ko allon da kayan suke kai, faifan ajiyar kuma yana nan lafiya lau. Abin da ke hallaka bayanai yawanci yana biyo baya ne: a yi ta kunnawa ana kashewa, ko mai gyara ya ce bari ya ɗora sabuwar Windows, ya share faifan. Ka tsaya a kansa da kanka. A buɗe kwamfutar a zare faifan, a jona shi a wata kwamfutar ta wayar USB, a fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani faifan, sannan a nemi fayil ɗin lissafin a cikin kwafin. Idan aka jona ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, a zare shi nan take. Wannan ƙarar alama ce allurar da ke karanta faifan ta samu matsala, kuma duk juyin da ya ƙara yi tana iya kankare wurin da bayanan suke. Daga nan aikin ya fi ƙarfin teburin mai gyara, sai masu sana'ar ceto bayanai da ke buɗe faifai a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Idan kuma ya nemi wasu lambobi 48, to an kulle shi da BitLocker ne, tsarin kulle faifai na Windows, ka duba asusun Microsoft da aka saita kwamfutar da shi, a can ake yawan samun su.

Ko faifan bai tashi ba, wata takwas ɗin nan ba su ɓace ɗungurungum ba. Nemi takardar shige da ficen kuɗi daga banki tun daga watan da filash ɗin ya tsaya, ka haɗa da rasit ɗin POS, da takardun loda kaya na tasha, da hirarrakin WhatsApp da kuka yi da 'yan sari. Mutum ɗaya bayan ɗaya za ka gina lissafinsa, sannan ka kira shi ku tantance. Kada ka buɗe maganar da cewa lissafinku ya ɓace. Ka ce kuna daidaita littafi, ya faɗi abin da ke wajensa.

To, yayanka da mai gyaranku kowa ya riƙe rabin gaskiya ne. Kamfanonin da suka san ciwon kansu, daga banki har masana'antar Sharaɗa ko Bompai, ba sa zaɓen ɗaya su watsar da ɗaya. Sukan dubi kowane irin bayani su tambayi abu uku: sau nawa ake taɓa shi a yini, nawa ne nauyinsa, kuma idan ya ɓace kwana nawa harka za ta iya jira. Amsar ita ke nuna inda zai zauna. Abin da ake aiki da shi kowane minti, ko mai nauyi sosai, yana zama a gida. Abin da ake rabawa da mutanen nesa, da kwafin da ake so ya tsira ko da gini ya ƙone, shi ake kai wa kilawud. Kilawud ɗin ma ba wani abu ba ne illa kwamfutocin wani kamfani a wani gari, da kake haya ta intanet.

Ga dalilin da ya sa ba za mu ce ka bi yayanka kai tsaye ba. Ɗauki giga 300 ɗin nan. Idan layinku yana iya tura megabit 10 a daƙiƙa ba yankewa, sai ya yi kusan awa 67 yana turawa, wato dab da kwana uku dare da rana, ga kuɗin datar. Tura hoto ɗaya ba komai ba ne, amma ranar da komai ya lalace kake son dawo da shi duka, a ranar za ka san nisan wurin. Manyan cibiyoyin Amazon da Microsoft da Google mafi kusa da mu a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu ne. Kuma ka tuna ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkar bankuna ta yi tsaiko a Najeriya. Shagon da lissafinsa kaf yake can, ranar irin wannan ko rasit ba zai iya bugawa ba, ga kwastoma ya taso tun daga Chadi yana tsaye.

Ga kuma dalilin da ya sa ba za mu ce ka bi mai gyara kai tsaye ba. Injin da ke ofis yana fuskantar duk abin da ofis ke fuskanta: wuta mai ƙarfi, ɓarawo, ruwan damina, gobara. Duk ɗan kasuwar Kano yana tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016. Da kwamfuta da uwar garke da filash ɗin da ke cikin durowa, idan rufi ɗaya ya rufe su, rana ɗaya za su tafi. Sannan kwamfuta biyar ba ta kai a saya mata babbar uwar garke irin ta banki ba, mai buƙatar ɗaki da na'urar sanyaya wuri ba dare ba rana.

Abin da ya dace da ku shi ne ɗan akwatin ajiya da ake kira NAS, mai gurbin faifai biyu. Synology da QNAP su ne sunayen da aka fi sani. Girmansa bai wuce tukunyar shayi ba, wutar da yake ja kuma wat 20 zuwa 30 ce, ƙasa da fankar sama. A jona shi ta waya da rautar ofis, wato na'urar da ke raba intanet, kwamfutocin su riƙa ganinsa kamar babban kabad na kowa da kowa. A sa masa faifai biyu masu tera 4 kowanne (tera ɗaya giga dubu ce), irin waɗanda aka ƙera don aiki ba hutu, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf. A saita su a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, don haka wurin da za ka samu na faifai ɗaya ne, kuma zai nuna maka kamar tera 3.6, ba ha'inci ba ne, bambancin ƙidaya ne. Wajen saye ka sa a jona kowane faifai a gabanka a buɗe bayanan lafiyarsa da ake kira SMART, ka dubi awannin da ya taɓa yi a kunne. Sabon faifai sifili ko kusa da shi zai nuna. Idan ka ga dubbai, tsoho ne aka goge aka sa a leda.

Mu dakata kan RAID ɗin nan, domin a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Faifai biyun suna kare ka daga abu ɗaya tak: mutuwar faifai guda. Idan yaron shago ya goge fayil bisa kuskure, a duka biyun ya gogu. Idan ƙwayar cutar masu garkuwa da bayanai ta shigo ta kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa, duka biyun ta kulle. Madubi ne kawai, abin da ya samu fuska shi zai nuna. Saboda haka ka zaɓi akwatin da ke iya ɗaukar hoton halin da fayiloli suke ciki lokaci-lokaci, ya adana shi inda kwamfutocin ofis ba su iya taɓawa. Saita shi ya ɗauka duk bayan awa biyu a lokacin kasuwa, ya riƙe na kwana 30. Da wannan, idan aka ɓata lissafi ranar Talata da azahar, sai ka koma ka ɗauko shi yadda yake da hantsi.

Irin wannan ruɗin yana nan a kilawud ma. Jakar Google Drive ko OneDrive ko Dropbox da ke kan kwamfuta ita ma madubi ce: ka goge a nan, ya gogu a can. Google Drive yana riƙe abin da aka jefa a kwandon shara kwana 30 ne, daga nan ya tafi. Kuma kada ka kuskura ka ajiye fayil ɗin da manhajar lissafi ke aiki da shi kai tsaye, irin na QuickBooks ko Sage 50, a cikin wannan jakar. Manhajar tana rubutu a fayil ɗin a kai a kai, ita kuma jakar tana ƙoƙarin tura shi tun ba a gama ba, sai a wayi gari da fayil biyu masu saɓani ko ɗaya da ya ƙi buɗuwa. Fayil mai rai ya zauna a kwamfuta ɗaya ta ofis mai faifan SSD, irin mai sauri wanda ba ya juyawa. Kowace rana manhajar ta fitar da kwafinta na ajiya zuwa NAS, wannan kwafin da aka rufe shi ne zai hau kilawud.

Lokacin turawar ma sai an yi la'akari da yadda kasuwa take. Littattafan koyarwa sukan ce a saita turawa da tsakar dare, to amma a Kwari kafin magariba an kashe inji an kulle shago. Idan ba ku da sola ko inbata da ke kwana a kunne, saita fitar da kwafin bayan la'asar, turawar ta biyo baya nan take, ta gama kafin a tashi. Kwafin lissafin harka irin taku da wuya ya kai giga biyu, kuma bayan turawar farko abin da ya canza kaɗai ke tafiya. Su giga 300 ɗin, a tura su sau ɗaya a hankali cikin mako guda, daga inda kuke da layi mai ƙarfi. Giga 15 da Google ke bayarwa kyauta ko giga 5 na OneDrive ba za su ɗauke ku ba, sai na biya. Akwai rumbunan da aka yi musamman don ajiyar kwafi, kamar Backblaze B2 da Amazon S3, kuma manhajar da ke cikin akwatin, irin Hyper Backup ta Synology, tana iya tura musu da kanta. Kafin ka zaɓa ka tambayi abu biyu: da naira ake biya ko da dala, kuma ana cajin kuɗi idan za ka sauko da kayanka? Wasu shiga da sauƙi, fita da tsada.

Tsoron tonon asiri da mai gyaranku ya ambata yana da magani. A cikin manhajar turawar akwai wurin da za ka ce a kulle bayanan da mabuɗin sirri tun kafin su bar ofis, ta yadda ko ma'aikacin kamfanin da ke riƙe su ba zai iya karanta komai ba. Sharaɗinsa mai nauyi ne: idan mabuɗin ya ɓace, babu wanda zai iya buɗe maka, har su kamfanin. Rubuta shi da hannu a takarda biyu, kowacce a ambulan, ɗaya a wajenka, ɗaya a wajen Baba.

Kyamarori takwas ɗin nan kuwa, a bar su a gida. Kyamara ɗaya da ke ɗauka a megabit 2 tana cika fiye da giga 21 a yini, takwas sun haura giga 170, a wata kuma sama da tera 5. Babu datar da za ta ɗauki wannan. Su zauna a na'urarsu ta naɗa mai faifanta daban, irin WD Purple, a ɓoye ta inda ɓarawo ba zai fara dubawa ba. Idan wani abu ya faru, a yanko mintunan da ake buƙata a adana.

Abin da ya kashe muku waccan kwamfutar zai kashe wannan akwatin idan ba a gyara ba. Ku sa abin kare wuta mai ƙarfi a gaba, sannan UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, mai ƙarfin VA 1000 zuwa 1500 wanda zai riƙe akwatin da rauta da kwamfutar lissafi. Ka tabbata UPS ɗin yana da kafar USB, a jona shi da akwatin, domin idan batir ya kusa ƙarewa akwatin ya rufe kansa cikin tsari. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu, musamman a 'yan daƙiƙun da ake juyawa daga wutar KEDCO zuwa janareta, ita ke lalata fayiloli a ɓoye ba a sani ba. Batirin UPS ba ya son zafi, a garin nan ka riƙa gwada shi duk wata uku ta hanyar zare filogi ka ga minti nawa zai riƙe. A kira mai aikin wuta ya duba ko ginin yana da wayar ƙasa ta gaske. Sai ƙura da zafi. A ɗora akwatin a kan kanta, ya ɗaga daga ƙasa kamar kamu biyu, nesa da dilolin kaya domin zaren yadi yana toshe fanka fiye da ƙurar hunturu. A bar masa sarari ta baya, a busa masa iska duk wata, lokacin hazo kuma duk mako biyu. A bazara, lokacin da gari ke haura digiri 40, ka riƙa leƙa zafin faifan a shafin akwatin. Idan yana zama sama da 45, a canza masa wuri ko a sa masa fanka.

Wata rana za ka so ka leƙa akwatin daga sito ko daga gida, wani ya ce bari ya buɗe maka ƙofa a rauta. Kada ka yarda. A 2022 masu garkuwa da bayanai da ake kira DeadBolt sun yi ta kulle akwatunan QNAP da aka bari a buɗe ga intanet. A kashe UPnP a rauta, wato saitin da ke buɗe irin wannan ƙofa da kansa, a rufe asusun da ya zo da akwatin mai suna admin, a riƙa sabunta manhajarsa, shiga daga nesa kuma ta keɓantacciyar hanya mai kulle da ake kira VPN kaɗai, irin Tailscale ko WireGuard. Hotunan sabbin atamfofi da kuke tura wa 'yan sari, waɗannan su ne aikin jakar kilawud ta yau da kullum, a ba su mahaɗin kallo kawai.

Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, mai sito ya ga lissafin sito, kada ya ga na bashi. Ranar da wani ya bar aiki, a ranar a rufe nasa. Asusun kilawud ɗin kuma a buɗe shi da adireshin imel na harkar da layin waya mai rajistar Baba ko taka, ba na mai gyara ba, ba na yaron shago ba, komai amanarsa. An sha ganin harkar da ta rasa bayananta ba don inji ya lalace ba, sai don wanda ya buɗe asusun ya tafi da wayarsa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a buga lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa a sa su cikin ambulan ɗin nan. Wannan tsantsenin har doka ta nema: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane, irin lambobin waya da adireshi da hoton katin shaida, alhakin tsare su, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72. Idan an yi wa harkar rajistar kamfani, dokar kamfanoni ta ce a adana littattafan lissafi na shekara shida, don haka kwafin ƙarshen kowace shekara a ware shi daban, kada sabo ya hau kansa.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Kwamfutar lissafi, akwatin, da kilawud sun cika ta. Mu dai za mu ƙara maka ɗaya saboda halin layinmu. Sayi faifan waje guda biyu masu tera 2. Duk Alhamis da yamma a jona ɗaya a akwatin, a kwafe, a zare, ya tafi gida, ɗayan ya dawo mako mai zuwa. Faifan da ba ya jone da komai, babu ƙwayar cuta ko wutar da za ta same shi, kuma ranar wahala cikin awa biyu ko uku za ka dawo da abin da kilawud zai ɗauki kwanaki. Shi ma a kulle shi da kalmar sirri, saboda hanya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Filash ɗinka ma ai ajiya ce, abin da ya rasa shi ne mai duba ta. Ranar farko ta kowane wata ka ɗauko kwafin lissafi daga kilawud, ka buɗe shi a wata kwamfutar daban, ka duba bashin mutum uku ko ya yi daidai. Ka saita akwatin ya riƙa aiko maka saƙon imel kullum, ya yi nasara ko bai yi ba, domin shiru ba shaida ba ce cewa lafiya.

Sai maganar Baba. Shirun da ya yi ya fi faɗa ciwo, mun gane. Amma littafin da ya sayo ba cin fuska ba ne, mutum ne da ya ga dukiyar da ya tara shekaru tana shirin zubewa ya kama abin da ya sani. Kada ka yi jayayya da littafin, da tsohuwar zuma ake magani. Ka same shi shi kaɗai bayan isha'i, ka ce: Baba, laifin nawa ne, na bar lissafi a wuri ɗaya, ga abin da na ceto zuwa yanzu, ga sunayen da suka rage. Kada ka kawo masa sunayen na'urori. Ka ce masa daga yau duk Alhamis za ka buga masa jerin bashi a takarda, suna da adadi, ya sa a cikin littafinsa, kuma faifan gida da ambulan ɗin mabuɗi a hannunsa za su zauna. Yayanka kuma ka roƙe shi ya ɗauki nauyin kuɗin kilawud ɗin na shekara, tunda shi ya kawo shawarar, ka sa adireshinsa cikin masu samun saƙon kullum. Idan an gama haɗa komai, ka kira Baba ofis, ka ce ya zaɓi sunan ɗan sari ɗaya da kansa. Kashe kwamfutar lissafin a gabansa, ka jona faifan da ya zo da shi daga gida a wata kwamfutar, ka buɗe masa bashin mutumin, shi kuma ya duba a littafinsa.